Ɗana, Ka Nemi Kujerar Ma'aji

Ɗana, na san abin da kake rayawa a zuci duk ranar da aka ce za a yi muku darasin kasuwanci a makaranta. Cewa kake yi, kai da ka buɗi ido a Mont-Bouët, ka iya ba da canji tun kafin a kai ka aji ɗaya, wa zai tsaya gaban allo ya koya maka saye da sayarwa? Malamin da ko ashana bai taɓa sayarwa ba? Sai ka koma kujerar baya kai da sauran 'ya'yan 'yan kasuwa, kuna ta zunɗe. Ban ga laifinka sosai ba, domin gadon da kake taƙama da shi gaskiya ne. Amma ka ba ni aron hankalinka, don a cikin darasin nan akwai abu guda da shagon mahaifinka ba zai ba ka ba, kuma shi ne gidajenmu suka fi rashi.

Bari in fara da yadda abin yake, tunda wasunku sun ji labarinsa ne kawai a bakin abokai. A nan Libreville akwai ƙungiyar Junior Achievement Gabon, wadda ta haura shekara goma tana shiga makarantun sakandare tana koya wa ɗalibai harkar kasuwanci. Uwar ƙungiyar tsohuwa ce, an kafa ta a Amurka a 1919, a garin Springfield na jihar Massachusetts, kuma reshenta na Najeriya ya fara aiki tun 1999. Fitaccen shirinta shi ne ƙaramin kamfanin ɗalibai. Yara su haɗu su zaɓi abin da za su yi su sayar, su raɗa wa kamfani suna, su sayar da hannun jari don tara kuɗin farawa, su zaɓi shugabanni a tsakaninsu. Sai su yi kaya da hannunsu, su fita da su, su karɓi kuɗi na gaske daga hannun mutane na gaske. In shekarar karatu ta zo ƙarshe a rufe kamfanin, a biya duk wanda ake bi, a mayar wa masu hannun jari kuɗinsu tare da riba in an samu, ko a tsaya gabansu a yi musu bayanin inda kuɗin ya shiga in an faɗi. Akan kuma yi gasa tsakanin makarantu, waɗanda suka yi fice su je su kara da takwarorinsu na wasu ƙasashen Afirka.

Ranar zaɓen shugabanni za ka ga kowa yana rububin kujerar darakta. Ita ce mai ɗaukar hoto, ita ce mai riƙe makirufo ranar gasa. Wasu kuma su ce talla suke so, don su buɗe wa kamfani shafi a Facebook. Kujera guda ce za ka ga ana ture wa juna, ta ma'aji, mai riƙe littafin lissafi. Ita nake so ka ɗaga hannu ka nema. In an ba ka, ka riƙe ta shekara guda cur, ko da abokai za su riƙa ce maka marowaci, kuma za su faɗa.

Ga dalili. A ce ku ashirin ne, kowa ya zuba sefa 2,000, kun tara 40,000, kun kuma yanke shawarar yin zoɓo, wanda a nan ake kira bisap, ku sayar lokacin tara. Kun sayi zoɓo na 6,000, sukari na 7,000, citta da kanumfari na 2,000, goruna ɗari na 8,000, ƙanƙara ta 3,000, tasi ya ci 2,000. Duka 28,000 ke nan, wato kowace gora ta tsaya muku a kan 280. Kuka sa mata kuɗi 500. Darakta ya yi lissafi a ka, ya ce gora ɗari sefa 50,000, riba 22,000, aji ya ɗauki tafi. To, ga abin da littafi zai ce da yamma. Wuta ta ɗauke da dare, gora takwas sun yi tsami an zubar. 'Yan kamfani sun shanye bakwai, kowa yana cewa ai namu ne. Goma sha biyar an bayar bashi, wasu ga abokai, wasu ga manyan da ake jin nauyin tambaya. Saba'in ne kawai suka koma kuɗi, 35,000. Riba ta sauko 7,000. Kuma har yanzu ba a ba yaran nan huɗu da suka wuni a bakin tukunya ko sisi ba. In aka ba kowannensu 1,500, abin da ya rage wa mutum ashirin su raba shi ne sefa 1,000. Darakta bai yi ƙarya ba, bai kuma ci kuɗin kowa ba. Bai rubuta ba ne kawai. Wanda ya rubuta shi kaɗai ya san cewa gorar da ake zaton 280 ce, a haƙiƙa 400 ta ci kafin a zo maganar ladan aiki, shi ne kuma zai iya miƙewa ya ce daga gobe ba bashi, wanda zai sha ya biya, kuma a rage yawan da ake dafawa ranar da babu tabbacin firji.

Yanzu ka ɗauki wannan lissafi ka kai shi shagon gidanku, ka duba da idon basira. Akwai durowa guda a ƙarƙashin kanta. Cinikin safe a cikinta yake faɗawa. Daga cikinta ake ɗaukar kuɗin cefane, daga cikinta ake ba ka na tasi, daga cikinta ake zarar gudummawar biki da ta suna da abin da za a aika Maraɗi ko Garwa ko Kano in an bugo waya an ce wani ba lafiya. In mai kawo kaya ya zo, a buɗe ta a ba shi abin da ya samu, saura a ce sai jibi. Masu cin bashi kuwa sunayensu na jikin murfin kwali, wani da boko wani da ajami, wani ma ba suna sai laƙabi, mai jar hula ko matar soja. Mahaifinka ya san kowane ɗaya, ya san nawa ake binsa ya san nawa yake bi, domin duk littafin yana cikin kansa. Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana. Amma na sha zama wurin rabon gado a garin nan, kuma abin da idona ya gani ba daɗi. Mutum ya yi shekaru yana juya miliyoyi, ranar da ya kwanta dama sai masu bin bashi su zo da takardunsu a hannu, waɗanda yake bi kuwa su zo gaisuwa su yi addu'a su tafi. Magada su buɗe shago su tarar rabin kayan da ke kan kanta na mutane ne. Kafin a yi sadakar arba'in an fara kallon juna, kafin shekara ta zagayo an sayar da shago, wa da ƙane ba sa ga-maciji. Ba wanda ya yi niyyar cuta a farko. Littafin ne aka binne tare da mai shi.

Kada wani ya ce maka rubuta ciniki ɗabi'ar Nasara ce ko rashin yarda da ɗan'uwa. Ka tambayi malaminku na Islamiyya wace aya ce mafi tsawo a Alƙur'ani, zai gaya maka tana ƙarshen Suratul Baƙara, kuma a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda iyayenmu suke karantawa a zaure, tana da babi sukutum a kan ciniki da abin da ya yi kama da shi, har da ƙiradi, inda wani ya kawo jari wani ya kawo ƙarfinsa a raba riba bisa yarjejeniya. Hannun jarin da za ku sayar a makaranta ɗan'uwan wannan ne. Abin ya daɗe a hannunmu, aiki da shi ne muka yi wa riƙon sakainar kashi.

Sai maganar ƙasar da kake zaune a cikinta, wadda ita ce ta sa na ce abin ya zama na gaggawa. Gabon ƙasa ce mai yawan arziki da ƙarancin jama'a, mutanenta ba su kai miliyan uku ba, kuma mafi yawansu a birane suke. Man fetur na Port-Gentil, ma'adinin manganis na Moanda, da katakon okume su suka riƙe ta tun bayan samun 'yanci a 1960. Shekaru da dama burin ɗan ƙasa shi ne ya yi karatu ya samu aikin gwamnati ko na kamfanin mai, albashi yana sauka ƙarshen wata. Shago da tebur da tasi da gyaran takalmi aka bar wa baƙi, mutanen Mali da Senegal da Benin da Togo da Kamaru da Najeriya da Nijar, manyan kantuna kuma ga Labanawa. A nan namu suka samu wuri. Wasu ma ba baƙi ba ne, don Hausawan Oyem da Bitam kakanninsu sun shigo ta Kamaru da fatauci tun zamanin Turawa, kuma 'yan ƙasa ne kamar kowa. To, rijiyar ta fara ja da baya. A 1997 ƙasar tana haƙo mai ganga wajen 370,000 a rana, yau abin bai wuce 200,000 da 'yan kai ba. Farashin mai ya faɗi a 2014, gwamnati ta dakatar da ɗaukar sababbin ma'aikata a 2018, kuma alƙaluman Bankin Duniya suna nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na matasa ba su da aikin yi. Yaron da ubansa ya yi ritaya daga ofis, ya fito da digiri bai tarar da kujera ba, dole idonsa ya faɗa kan shagon da ke ƙofar gidansu. Darasin kasuwancin da ake kawo muku makaranta daga wannan damuwa ya fito.

Ka kuma ga inda hukuma ta dosa. Bayan sauyin mulki na 30 ga Agusta 2023, gwamnatin Janar Brice Oligui Nguema ta fito da shirin raba wa 'yan ƙasa motocin tasi. A watan Agusta 2025 majalisar ministoci ta ba da sanarwar keɓe wasu ƙananan sana'o'i ga 'yan ƙasa kaɗai, cikinsu har da cinikin unguwa, gyaran waya, gyaran gashi da kwalliya a bakin titi, da aika kuɗi ba tare da lasisi ba. Ka lissafa mutanenmu nawa ne suke ci daga waɗannan. Tsofaffi ba su yi mamaki ba, domin sun tuna farkon 1995, lokacin da aka ba baƙi wa'adin biyan kuɗin takardar zama, dubban mutane suka tattara komatsansu suka bar ƙasar, wasu suka karyar da shaguna a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ni ba zan zauna ina koya maka ƙorafi ba. Kowace ƙasa tana da ikon duba 'ya'yanta, a Najeriya ma an taɓa yi wa wasu haka a 1983. Abin da ya shafe ka shi ne ka gane wanda irin wannan iska take fara ɗauka. Mai tebur ne, wanda ba rajista, ba lambar haraji, ba asusun banki, ba takardar da za ta nuna ya taɓa biyan komai. Kamfani mai rajista, mai ma'aikata 'yan ƙasa, mai littafin da za a iya buɗe wa jami'i, shi ana zama a yi magana da shi. Saboda haka tun yanzu ka san matsayin takardunka. In ɗan ƙasa ne kai, ka tabbata shaidarka tana hannu ba a bakin dattawa kawai ba. In kuwa takardar zama gidanku yake riƙe da ita, ka san ranar ƙarewarta kamar yadda ka san ranar jarrabawarka.

Ƙofofin da ke buɗewa ma duk masu neman takarda ne. Tun 2010 aka hana fitar da gungumen katako ɗanye, abin da ya cika yankin masana'antu na Nkok da kamfanonin yanka katako da yin falanki. A 2025 gwamnati ta ce daga Janairu 2027 za a daina shigo da naman kaji daga waje, daga Janairu 2029 kuma ba za a ƙara fitar da manganis ɗanye ba. Ko an cika waɗannan wa'adi a kan lokaci ko an ɗaga, alƙiblar a fili take. Ka yi tunanin kajin nan kawai. Ƙasar da ta saba cin daskararriyar kaza daga jirgin ruwa a Owendo, in za ta yi kiwon tata, wa zai kawo masara da waken suya na abincinsu? Wa zai yi jigila, wa zai yi yanka na halal, wa zai raba wa otal-otal da gidajen abinci? Hatsi da dabba da doguwar hanya sana'ar kakanninka ce. Sai dai otal ba ya sayen kaya a hannun wanda ba zai iya ba shi takardar kuɗi mai lambar rajista da harajin TVA na kashi 18 a rubuce ba. Banki ba ya ba da rance bisa shaidar cewa kowa ya san Alhaji mutumin kirki ne, lissafin shekara biyu ko uku yake so ya gani. A hukumar ANPI ake rajistar kamfani, kuma ba wani tsafi a ciki, cike takardu ne da Faransancin da kake koya kullum. Ga wani abin da ba kowa ya lura da shi ba: Gabon tana cikin ƙasashe 17 na yarjejeniyar OHADA, tare da Nijar da Kamaru da Chadi da Benin da Mali. Dokar kasuwanci da tsarin ajiye lissafi iri ɗaya ne a cikinsu. Abin da ka koya a Libreville zai yi maka aiki a Maraɗi ko Garwa ko Njamena ba tare da ka sake zama ɗan koyo ba. Ga shi kana jin Hausa da Faransanci, wataƙila da ɗan abin da ka tsinta na yaren Fang a unguwa. Ka dage da Ingilishi, tunda ƙasar ta shiga ƙungiyar Commonwealth a 2022, kuma Legas da Kano ba su yi nisa da jirgi ba.

Kada kuma wannan ya sa ka ɗaga wa shago hanci. Akwai cutar da nake gani a jikin wasu yaran da suka shiga irin wannan shiri. Sun iya kalmomi, sun iya sa kwat, sun buga kati mai suna da muƙami, sun iya tsayawa minti biyar gaban alƙalai suna bayanin yadda za su mamaye Afirka ta Tsakiya. Ka tambaye su mutum nawa ya taɓa dawowa ya sake sayen kayansu, sai a fara kame-kame. Gasa ba laifi ba ce, in kun ci mu ma za mu yi murna. Amma alƙalin gasa ba da kuɗinsa yake yanke hukunci ba, matar da ta tsaya gaban tebur tana juya sefa 500 a hannu ita ce take yi. A Najeriya a 2011 aka sa darussan sana'a 34 a manhajar babbar sakandare, aka ce kowane ɗalibi sai ya ɗauki ɗaya. Niyya mai kyau ce. Amma a makarantu da yawa an koyi kiwon kifi ba a ga tafki ba, an koyi ɗinki ba a taɓa keke ba, yaro ya haddace ya rubuta ya ci jarrabawa ya fito hannu rabbana. Kai ka fi su sa'a, domin ɗakin gwajinka yana nan a buɗe kullum daga safe har dare. Ka tsaya kusa da mahaifinka ka ga yadda yake gane mai saye daga mai taya wa banza tun kafin ya buɗe baki. Ka ga yadda yake hana bashi ba tare da ya ɓata wa mutum ba, da yadda yake mayar da canjin da aka manta bayan mako guda. Mutum a Garwa zai loda masa buhunan albasa bisa kalma ɗaya a waya, motar ta ratso Yawunde da Ambam, ta tsallaka kogin Ntem ta shigo Bitam, ta bi Oyem da Mitzic da Ndjolé da Kango har ta iso, ba a sa hannu a ko'ina ba. Wannan amana shekaru aka yi ana gina ta, kuma babu makarantar da take ba da ita. Aikinka shi ne ka bi buhu guda a kan takarda tun daga can: kuɗin saye, lodi, mota, kwastan, abin da aka kashe a hanya, 'yan dako, da albasa nawa ta ruɓe kafin a kwance bakin buhu. Ranar da ka kawo masa wannan a shafi ɗaya, za ka ga ya gyara zama.

Manyan da muke ambato ma haka suka yi, sun riƙe na gida sun kuma kama sabon da ya zo. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, fataucin goro ya gada kamar dubban Agalawa. Abin da ya fifita shi, da ya ga jirgin ruwa sai ya riƙa ɗora goronsa daga Akara zuwa Legas, da jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga a Kano a 1912 ya shiga sayen gyaɗa, da aka buɗe banki a Kano ya kai kuɗinsa a kan raƙuma ya ajiye, a lokacin da sa'o'insa suke ganin banki abin gudu ne. Ya rasu a 1955, gidan bai watse ba, kuma Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne. Fatake nawa ne suka yi zamani da shi, masu dukiya da bayi da jakuna, waɗanda yau ko jikokinsu ba su san inda rumbunansu suka tsaya ba?

Ke ma 'yata, da ke nake, kada ki ce maganar maza ce. Mahaifiyarki tana cikin gida amma tana juya kuɗin da wani mai shago bai juya ba, daga turaren wuta da atamfa zuwa dambu da kayan ɗaki, ga adashe biyu ko uku da take riƙe wa mata. Ki duba ki ga sau nawa rigima take tashi a adashe don an manta wa ya zuba wa bai zuba ba. Ki ɗauki littafi ki zama magatakardarta. A makaranta kuma kada ki yarda a ce 'yan mata su dafa, samari su riƙe kuɗi. In kin fi su lissafi, ki nemi kujerar, ki kuma tsaya a kanta. Dukiyar mace tata ce a shari'a, kuma wadda ba ta san adadin abinta ba ko miji nagari ba zai iya tsare mata shi ba.

Akwai tarkuna biyu da ba zan tsallake ba. Na farko, kuɗi ya fara shiga aljihu sai karatu ya fara yi maka nauyi. Na ga yara masu ƙwaƙwalwa sun bar aji saura shekara guda su yi jarrabawar bak, saboda sayar da kayan waya ya fara kawo musu abin da ya fi albashin malaminsu. Bayan shekara biyar suna nan a kan tebur ɗin, abokan karatunsu kuwa su ne suke zuwa da takardar hukuma su ce a tashi. Kasuwa ba ta gudu, jarrabawa kuwa lokaci gare ta. Na biyu, kuɗin da ake cewa yana haihuwa da kansa. Cacar ƙwallo a waya, da masu cewa zuba dubu goma ka kwashi ashirin a wata. Ka tambayi 'yan Najeriya abin da MMM ta yi musu a Disamba 2016. Duk wanda ya taɓa zama ya ga da wace wahala gorar zoɓo take fitar da ribar sefa ɗari, ba za a yi masa wannan rufa-ido ba, domin zai tambaya: me ake saya, me ake sayarwa, ina ribar take fitowa? Sannan in kai ne ma'aji, kada ka kuskura ka haɗa kuɗin kamfani da naka a asusun Airtel Money ko Moov Money guda. Ranar da ka ce bari in ara in sayi kati gobe in mayar, ka buɗe durowar gidanku a cikin waya. Kowane shige da fice ka rubuta shi a lokacin, da kwanan wata, ka sa wani ya sa hannu kusa da naka, ko da kuwa amininka ne. Musamman ma in amininka ne.

Abu na ƙarshe shi ne yadda za ka shigar da wannan gida, don a nan yara da yawa suke ɓata rawarsu da tsalle. Kada ka je wa mahaifinka da cewa an koya muku a makaranta yadda ake kasuwanci. Shi ya biya kuɗin makarantar daga durowar da kake shirin kushewa. Ka bari sai ranar Asabar bayan la'asar, kasuwa ta lafa, ka durƙusa ka ce, Baba, an ba mu aiki ne a makaranta, ina neman izini in ƙirga kayan kanta ɗaya in rubuta. Kanta ɗaya kawai, ta madara da sukari ko ta sabulu. Ka rubuta nawa aka sayo, nawa ake sayarwa, guda nawa suka fita a mako. In ya ga amfaninsa, shi zai ce ka ƙara da ta kusa da ita. Maganar masu bashi kada ka taɓa ta sai ya kawo ta da kansa, don a nan sirrin mutane yake, kuma in ya buɗe maka, abin da ka gani ya tsaya tsakaninka da shi. In kuma ya ce a'a, ka ce to, ka tashi ba tare da ɓata fuska ba. Yawancin 'yan kasuwarmu a Muharram ko cikin azumi suke fitar da zakka, kuma ba a fitar da ɗaya bisa arba'in sai an san adadin kaya da kuɗin hannu da bashin da ake sa ran karɓa. A makon fitar da zakkar za ka gan shi da tabarau da guntun fensir yana fama da murfin kwali har tsakar dare. Ka kawo masa shayi, ka zauna kusa, littafinka da alƙalami a aljihu.